Abin da Gwaggo Ta Ce

Fas, Maroko, farkon Mayu

Zuwa ga taubashina Shamsu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da mutanen Sabon Gari da na Tsibiri baki ɗaya. Ni lafiya lau, sai idanu da suka gaji da karatu. Yaya tarin Gwaggo? Wancan karon ka ce ya lafa, daga nan ba ka ƙara cewa komai ba. Ka gaishe mini da ita, ko da yake na san amsar: za ta kau da kai ta ce, "A yi karatu." Ƙawata Nafisa, ƴar Damagaram, har yau mamaki take yi, wai uwata ce amma ina kiranta Gwaggo yadda kuke kiranta, kuma sai ta bakinka nake jin ta. Na ce mata ni ɗiyar fari ce, kuma a Tsibiri aka haife ni.

An sa ranar sutanansi, ƙarshen Yuni zan tsaya gaban malamai in kare kundina. Daga nan ina da hutu har Satumba, kafin in fara sitaj, wato aikin koyo, a wani farmasi a Rabat. Tun da na zo ƙasar nan, hanyar aji da ta ɗakin kwana kaɗai na sani. Don haka ni da Nafisa mun yanke za mu zagaya. Birane huɗu ne a idonmu: Marrakesh, Tanja, Shafshawan da Sawira. Ba za mu iya duka ba, kuma mun kasa daidaitawa, ita teku take so, ni duwatsu.

Shi ya sa na kawo ƙara gabanka. Kai ne malamin labarin ƙasa, kai ke zana wa yaran kolej kogunan duniya a allo, alhali ƙafarka ba ta taɓa wuce Konni ba. Ka zaɓa mana biyu, da hujja. Ka rubuto irin wasiƙar nan taka mai rawani. Na cire wasaf daga wayata har in gama, mel kaɗai, wato imel, nake dubawa.

Taubashiyarka,
Tahira

Sabon Gari, Maradi, tsakiyar Mayu

Zuwa ga Baba Alhaji Maman Lawali, a Kwatano,

Bayan gaisuwar ladabi da biyayya irin ta ɗa ga uba, ina fatan Baba yana cikin ƙoshin lafiya, kuma kayan da ke tashar jirgin ruwa sun fito ba wahala. Nan gida kowa lafiya. Babana ya ce a gaishe da yayansa.

An yi sadakar arba'in ta ƙanwarku, Gwaggo Tasalla, ranar Juma'a a Tsibiri, yadda Baba ya tsara. Matan da take aiki da su a lambunan Jiratawa sun zo da zogale a kwanduna. Sun ce daga filinta suka tsinko, ba su san wanda za su ba ba.

Baba ya san ni da dogon zance. Yau zan gajarta iyakar iyawata, ko da yake iyawata a wannan fanni kaɗan ce. Tahira ta rubuto. Tana tambayar wane birni ya fi dacewa ta yi hutu a cikinsa bayan jarrabawa, tana kuma tambayar tarin mahaifiyarta.

Tun da ta tafi, ni ne jakada tsakaninsu. Kowace Juma'a bayan masallaci nakan hau kabu-kabu zuwa Tsibiri, in zauna a bakin ƙofar Gwaggo, in faɗi labarin Tahira ina kallon bango kamar da bangon nake. Ita kuma tana ta tsintar ganye kamar ba ta ji, sai can ta jefo kalma biyu, in ɗauka in aika Maroko. Ba ta taɓa karɓar waya ba, ba ta taɓa faɗin sunan ba. "Mutuniyar taka" take cewa. Wannan kunya ce ta sa ɓoye mutuwar ya zo mana da sauƙi, domin babu muryar da Tahira ke jira ta ji. To, Baba, sauƙin ne ke ba ni tsoro.

Har yanzu ina zuwa kowace Juma'a. Takalmanta suna nan a bakin ƙofa, an ce kada a taɓa kayanta sai ɗiyarta ta zo. Wannan Juma'ar, bayan mutane sun watse, na zauna a wurina, na tarar da kaina ina jiran a jefo mini kalma biyu.

Ina roƙon Baba ɗayan biyu: ko ya gaya mata da kansa, ko ya ba ni izini.

Ɗanka mai biyayya,
Shamsu

Kwatano, ƙarshen Mayu

Shamsu,

Na ga takardarka. Ina lafiya, kaya sun fito. Allah Ya jiƙan Tasalla, Ya saka wa matan Jiratawa.

Ban ba ka izini ba. Ba a gaya wa yarinya mutuwar uwarta tana ita kaɗai a ƙasar mutane, ga jarrabawa a gabanta. Ko ta gama, ba za a gaya mata a waya ko a takarda ba. Mutuwa a gida ake faɗinta, a zaune, da tsofaffin mata a gefe masu riƙe mutum. Haka aka yi mini da tsohonmu ya rasu ina Legas, ga ni nan da raina.

Na ja wa ƙannenta kunne. Aikinka ɗaya ne: hutun nan ta yi shi a Tsibiri. Jirgi a wuyana. Bakin nan da Allah Ya ba ka, da kake damun mutane da shi a wurin biki, yau ga amfaninsa. Ka ci gaba da kai gaisuwa yadda ka saba.

Babanka,
Maman Lawali

Sabon Gari, farkon Yuni

Zuwa ga Mai Girma Gimbiyar Ƙwayoyi da Ruwan Allura, Tahira ta Tsibiri,

Daga fadar Jakadan Tsibiri a Sabon Gari, wato ɗakina mai taga ɗaya, ina miƙo gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan idanun Gimbiya sun huta. Jama'a suna nan yadda Allah Ya ajiye su. An yi ruwan fari, an fara shuka.

Ƙararki ta iso. Saboda girman lamarin, na kafa kwamiti mai mutum ɗaya, na naɗa kaina shugabansa ba tare da hamayya ba. Kwamiti ya zauna, ya sha shayi, ya duba taswira, ga kuma hukuncinsa.

Marrakesh: an kore ta. Bincike ya nuna cewa a babban dandalinta mutane kan taru su kalli maciji. A Jiratawa da damina maciji ne ke zuwa ya kalle ki, ba ya kuma neman tukwici. Ƙari a kan haka, garin zafi ne, kuma ɗiyar ƙasar Maradi da ta yi tafiya neman zafi ta ci amanar bazarar da ta raine ta.

Tanja: an kore ta. Birni ne da ake zuwa a tsaya a bakin ruwa ana hangen ƙasar wasu. Teku kuwa, a ra'ayin kwamiti, ruwa ne da ya kasa aikinsa: ba a sha, ba a ban-ruwa da shi, ba a ko wanke zane.

Sawira: iska da kifi. Kwamiti ya nemi na uku bai samu ba.

Shafshawan ta fi ba kwamiti wahala, domin duwatsunta suna da kyau a hoto. Sai dai an shafe gidajenta da shuɗin fenti tun daga tushe har sama, kuma kwamiti ba ya amincewa da garin da kowa a cikinsa ya yarda ya nuna wa baƙo fuska iri ɗaya. An kore ta.

A nan ne kwamiti ya gano babban aibin takardarki, wato kin bar biranen da suka fi cancanta a waje. Na farko shi ne Tsibiri. A watan Agusta gero yakan kai kafaɗa, Gulbi yakan kawo, iskar yamma takan shigo da ƙamshin ƙasa. Masauki a shirye yake. Da la'asar gidan yakan yi shiru yanzu, irin shirun da masu neman hutu ke ƙetare ƙasashe su nema. Na biyu shi ne Jiratawa, mai magudanan ruwa a jere kamar wancan birni na Italiya, sai dai mu muna da hankalin shuka zogale da tattasai a gefen namu.

Saboda haka kwamiti ya yanke, da murya ɗaya, cewa Gimbiya ta zo gida. Baba Lawali ya ɗauki nauyin jirgi. Ban taɓa jin ya ɗauki nauyin wani abu ba a roƙe shi ba, don haka ina ba da shawara a karɓa kafin ya farfaɗo.

Na je Tsibiri ranar Juma'a, na zauna a wurina, na isar da gaisuwarki. Saƙo bai canja ba: a yi karatu.

Bawanki mai rawani,
Shamsu

Fas, farkon Yuli

Shamsu,

Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya. Na jinkirta amsa saboda sutanansi. An yi, na ci, malamai sun yaba. Ka fara kirana Dakta, ba na son gardama.

Na karanta wa Nafisa hukuncin kwamiti, ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce duk wanda ya zagi teku haka bai taɓa ganinsa ba. Mun yanke: Tanja da Shafshawan, tun da su ka fi jin daɗin zagi.

Batun Tsibiri, na san wasa kake, amma bari in amsa ba da wasa ba. Ka tuna zuwana na ƙarshe? Ranar da na sauka, Gwaggo ta tafi Jiratawa tun da safe, ba ta dawo ba sai gab da magariba. Da ta shigo ta gan ni, sai ta ce wa ƙanena Zakariya'u, "A ba baƙuwa ruwa." Duk zamana, idan na zauna a damanta sai ta sami aiki a hagu. Na san kunya ce, na san haka uwarta ta yi wa Kawu Lawali, ba na jin haushi. Amma in ƙetaro hamada don in zauna a tsakar gida ina kallon bayan uwata, wannan ba hutu ba ne, Shamsu. Baɗi zan zo da diplom da aiki a hannu. Ka yi wa Kawu godiya.

Na mayar da wasaf. Mutanen gidanmu duk sun zama masu gajeren zance. Na kira Zakariya'u da safe, ya ce Gwaggo tana Jiratawa. Na kira da yamma, tana Jiratawa. Ku ce mata ta rage aikin nan, ga tari.

Ka gaya mata na ci. Ka duba fuskarta da kyau lokacin da kake faɗa, ka rubuto mini abin da ka gani.

Dakta Tahira

Sabon Gari, tsakiyar Yuli

Zuwa ga Dakta, wadda malaman Fas suka sara wa,

Bayan gaisuwa da taya murna, ina sanar da ke cewa wannan ofishi ya ayyana yinin hutu saboda nasararki, kuma ma'aikacinsa ɗaya tilo ya ci tsire. Kowa yana gaishe ki. Damina ta zauna.

Kwamiti ya karɓi ƙin amincewarki da baƙin ciki. Ba zai sake zagin Tanja ba. Amma akwai rahoton da ya wajaba jakada ya isar.

Ranar Juma'a na je Tsibiri. Hadari ya haɗu amma bai zubo ba, tsakar gida ta yi duhu tun la'asar. Na zauna a bakin ƙofa, na karanta wasiƙarki da ƙarfi. Ban tsallake komai ba, har wurin da kika ce a dama da hagu, har wurin kallon bayan uwa. Da na gama, na ɗaga kai. Ban taɓa jin gidan ya yi irin wannan shirun ba.

Sannan Gwaggo ta ce, "Ka ce wa Tahira ta zo gida. Ina son in gan ta."

Haka ta faɗa, da sunanki. Jakada ba shi da abin ƙarawa.

Shamsu

Sabon Gari, ƙarshen Yuli

Zuwa ga Baba Alhaji Maman Lawali,

Bayan gaisuwar ladabi, ina fatan Baba yana lafiya. Mu ma lafiya, gero ya yi kyau.

Na yi abin da ban san sunansa ba. Tahira ta ƙi zuwa, ta zaɓi biranenta. Duk manyan kalmomina sun ƙare, sai na ari bakin Gwaggo. Na rubuta mata cewa Gwaggo ta ce ta zo, kuma ta kira ta da sunanta. Tun ranar ba ta amsa ba. Na san sun tafi Tanja, ban sani ba ko ta karanta, ko ta gane, ko tana can tana fushi.

Baba, matar nan ta tsare bakinta tun daga ranar sunan Tahira har ranar da aka rufe ta. Ni na zo na buɗe shi bayan ranta, na sa abin da ta ƙi faɗa. Tun daga nan idan na shiga gidan sai in ji kamar an juya mini baya. Takalman suna inda suke, amma ba na iya dubansu. Tsohuwa Fasuma, maƙwabciyarta, ta tare ni a soro ta ce, "Kai ɗan Sha'ibu, ka daina zama a ƙofar nan kana karatu da ƙarfi. Yara sun fara ƙin shiga gidan. Ita ma ka bar ta ta huta, ba ta son a cika ta da zance tun tana nan."

Na ce mata na daina. Juma'ar da ta biyo na sake zuwa.

Ɗanka,
Shamsu

Tanja, farkon Agusta

Shamsu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da kowa. Ka yafe shirun. Na rufe mel da muka taso, don in yi hutu na gaske, sai jiya na buɗe.

Muna zaune a wani wurin shan shayi a kan tudu, teku a ƙasa, Nafisa tana nuna mini ƙasar Sipaniya da yatsa. Na karanta layin nan. Na sake karantawa. Nafisa ta ce me ya faru, na miƙa mata wayar. Ta karanta ta ce, "To, mene ne? Uwarki ta ce ki zo." Ba ta gane ba. Kai kaɗai za ka gane.

Tun ina yarinya nake tunanin yadda sunana zai fito a bakinta, ko za ta ja shi, ko za ta datse shi yadda take datse na akuya. Yaya ta faɗe shi? A'a, kada ka gaya mini. Zan ji da kunnena.

Na fasa Shafshawan. Nafisa ta ce ba za ta hau duwatsu ita kaɗai ba, za mu koma Fas tare in haɗa kaya. Na kira Kawu Lawali, ya ce jirgi ya samu. Kwamitinka ya yi nasara, ka sa a buga masa ganga.

Abu ɗaya na yanke, kada ka yi dariya. Tun da ta fara, ni ma zan yi nawa. Idan na shiga soro ba zan ce Gwaggo ba. Inna zan ce, da ƙarfi, kowa ya ji. Ina ta gwadawa ni kaɗai a nan bakin teku inda ba mai jin Hausa.

Tahira

Kwatano, farkon Agusta

Shamsu,

Lafiya lau. Na ga takardarka, na kuma ji daga yarinyar. Ka daina damun kanka, aiki ya yi. Abin da ka rubuta, Allah Ya san dalilinsa.

Za ta sauka Yamai, ta hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Maradi ranar Alhamis ta sama. Kai za ka tarye ta a tasha. Ka yi mata barkwancinka har ƙofar gida. Fasuma da sauran mata suna ciki, su za su faɗa. Ni ma ina tafe. Kada fuskarka ta riga su.

Maman Lawali

Sabon Gari, Agusta

Tahira,

Bayan gaisuwa. Kafin ki ci gaba, ki kira Nafisa ta zauna kusa da ke. Ki zauna ke ma. Ba wasa nake ba, yau babu kwamiti.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo ta rasu. Tun farkon Afrilu, wata Asabar da hantsi, a ɗakinta. Tarin ne. An yi mata sutura a Tsibiri, mutane sun cika, matan Jiratawa sun zo har da waɗanda ba mu sani ba. Duk gaisuwar da na kawo miki daga bakinta tun lokacin, ni na ƙaga.

Baba Lawali ya hana a gaya miki, don jarrabawa, kuma don kada ki ji ke kaɗai. Ba mugunta ba ce. Sun shirya mata a gida da za su riƙe ki. Wannan wasiƙa saɓa masa ce, kuma zan amsa a gabansa.

Ga abin da ya faru da gaske. Juma'ar ƙarshe kafin rasuwarta na same ta a kwance, karo na farko da na shiga cikin ɗakin maimakon in tsaya a ƙofa. Na ce mata an kusa sa ranar jarrabawarki. Ta daɗe tana kallon rufi, sannan ta ce, "Mutuniyar taka ta gama?" Na ce saura kaɗan. Ta ce, "To, kada a tashe ta." Ta juya fuskarta bango. Ban ƙara jin muryarta ba.

Ba ta faɗi sunanki ba, Tahira. Ba ta ce ki zo ba. Ni na faɗa, don na rasa yadda zan kawo ki. Na yi zaton zan iya jurewa har ƙofar gida, ina yi miki surutu a hanya. Da ba ki rubuto abin da kika rubuto daga Tanja ba, da na iya. Amma in tsaya a bayanki ki shiga soron nan da Inna a bakinki, da ƙarfi, mata suna zaune suna jiranki, wannan ba zan iya ba.

Allah Ya jiƙanta, Ya ba ki haƙuri. Idan ba ki son ganina a tasha, ki faɗa, Zakariya'u zai zo.

Shamsu

Fas, Agusta

Shamsu,

Na samu. Nafisa ta zauna kusa da ni, ta riƙe ni. Ina nan da lafiyata gwargwado. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Ina tafe ranar da aka sa. Kada ka gaya wa Kawu na sani, kada ka gaya wa kowa. Inna Fasuma da matan nan sun daɗe suna ɗauke da maganar, suna jiran su sauke ta. Zan shiga in zauna inda suka zaunar da ni, su faɗa mini yadda ake faɗa. Kukan bai ƙare ba, za su sami rabonsu. Washegari ka kai ni kabarin, daga nan Jiratawa, in ga filin.

Kai za ka zo tasha, ba Zakariya'u ba. Kada ka yi mini dogon zance a hanya.

"Kada a tashe ta." Wannan ita ce. Ina karantawa na ji muryarta, har da yadda take juya fuska. Ɗaya maganar kuwa taka ce, har da ƙamshin rawaninka a jikinta. Da na natsu da na gane tun a Tanja, ban so in gane ba ne.

Ban yafe maka ita ba tukuna. Ban kuma goge ta ba.

Tahira